Kare, Kwaɗo da Kamara

Duk wanda ya durƙusa gaban malami a zaure ya karanta Risala ya san sunan Ibn Abi Zaid Alƙairawani, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekarar 996 Miladiyya. Abin da ba kowane almajiri ya sani ba shi ne Malam ya taɓa ajiye kare a gidansa. Masu sharhin littafin ne suka kawo labarin. Katangar gidansa ce ta faɗi a lokacin da ake zaman ɗar-ɗar a Ƙairawan, sai ya nemo kare don gadi. Mutane suka zo suna tuna masa cewa ai Imamu Malik bai so a ajiye kare a cikin gida ba. Ya amsa musu da cewa da Malik ya riski irin wannan zamani, ba kare ba, zaki zai ɗaure.

Akan yi dariya idan aka zo nan, a wuce. Amma lissafi malamin ya yi, kuma mai tsada. Ya san hadisin da ya nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ana rage masa lada kullum. Ya ɗora wannan a sikeli, ya ɗora rusasshiyar katanga da ran iyalinsa a ɗaya ɓangaren, ya bi wanda ya rinjaya.

Yau magidanci a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana yin irin wannan lissafi, sai dai shi takardar farashi ce a gabansa. Mai shagon kayan tsaro zai jero masa kamara huɗu ko takwas, da na'urar da ke ajiye hoton, da waya mai reza ta kan katanga, da wayar lantarki, da ƙararrawa mai kururuwa, da fitilar da ke kunna kanta in an gifta, da ƙofar ƙarfe 'yar waje, sannan sola da batir da za su riƙe su duka idan an ɗauke wuta. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, kuma a cikin jerin nan akwai abin da shi kaɗai zai lashe albashin watanni. Mai shago kuwa ba zai taɓa cewa "Alhaji, wannan ya ishe ka" ba.

Da zarar an kawo addini cikin maganar, abin da kan fara zuwa bakin mutane shi ne ko sa kamara raunin tawakkali ne. An daɗe da gamawa da wannan. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun. Ranar Uhudu sulke biyu Annabi ya sa. A shekara ta 5 bayan Hijira, da rundunar ƙabilu ta nufo Madina, shawarar Salmanul Farisi aka bi aka haƙa gwalalo, dabarar da Larabawa ba su saba da ita ba. Akwai daren da Annabi bai samu barci ba ya yi fatan wani sahabi ya zo gadinsa, sai ga Sa'ad bn Abi Waƙƙas da makaminsa. Umarnin rufe ƙofa da kashe fitila kafin a kwanta yana cikin Bukhari da Muslim. Hatta hadisin da ake kafa hujja da shi wajen karanta Ayatul Kursiyyu kafin barci, ya faro ne daga naɗa Abu Huraira gadin abincin zakkar fidda-kai, ɓarawo na zuwa dare uku a jere yana cafke shi. A bakin aikin gadi aka koyo addu'ar.

Fiƙihu ma ya sa baki. Malikiyya ba su yanke haddi kan wanda ya ɗauki kayan da aka yasar a fili ba. Sai an fitar da kayan daga ma'ajin da aka saba adana irinsu, kuma darajarsu ta kai rubu'in dinari ko dirhami uku. Shari'a kanta ke nan tana sa ran mai kaya ya killace kayansa gwargwadon al'adar wuri, garke ga dabba, rumbu ga hatsi, akwati ga gwal.

Tambayar da ta rage ta fi wuya: a ina ake tsayawa?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kanta a babin tawakkali na Ihya'u. Ya kasa sababai kashi uku: wanda aka tabbata yana aiki, wanda ake kyautata zaton yana aiki, da wanda wahami kawai ke sa mutum ya riƙe shi. Barin na farko wauta ce, ba tawakkali ba. Na biyu mutum na iya riƙe shi zuciyarsa na ga Allah. Na uku kuwa, bin sa ne ke cinye tawakkalin. Da ya zo kan tsaron gida sai ya ce a kulle ƙofa amma kada a riƙa jera kwaɗuna, kuma kada a bar abin da zai ja ran ɓarawo a ciki. Ya kawo labarin Malik bn Dinar, wanda igiya kaɗai yake ɗaure ƙofarsa da ita, ita ma saboda karnuka. To, Malik bn Dinar ba shi da firji ko babur, kuma ba kowa ne zai iya rayuwarsa ba. Amma rabon nan na uku ya fi yawancin shawarar 'yan kasuwa amfani ga mai riƙe da takardar farashi.

Ƙofa mai ƙwari, kwaɗo na kirki, haske a ƙofar gida da lungun baya, katangar da aka gyara bayan damina: waɗannan su ne mafi araha a jerin, kuma su ne mafi kusa da kashi na farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai haura gida sau da yawa sauƙi yake nema da duhu, ba gwaninta yake son nunawa ba. Shawarar Gazali ta biyu ma ba ta cin ko kwabo: kuɗin ciniki da gwal ɗin uwargida su kwana a banki, kada su kwana ƙarƙashin katifa.

Kamara kuwa shaida ce, ba mai gadi ba. Ba ta tare kowa. Da dare yawancinsu hoton baƙi-da-fari suke ɗauka, kuma wanda ya naɗe fuska da rawani ko ya sa takunkumi ya gama da su. Ɓarawon da ya san aikinsa na'urar ajiye hoton yake fara cirewa ya tafi da ita. Duk da haka tana da amfaninta: tana sa mai niyya ya yi tunani, tana raba gardama idan abu ya ɓata, tana hana a ɗora wa yaron gida ko 'yar aiki laifin da ba su yi ba. Matsayinta kashi na biyu ne, muddin tana aiki.

A wannan "muddin" ɗin ake yawan faɗuwa, domin kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗi. Kamara na son wuta dare da rana. A Afrilun 2024 an kai wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane kilowat a sa'a bisa alƙawarin sa'o'i 20 a rana, sauran jama'a kuma suna samun abin da ya samu. Janareta ya zama abin lallaɓawa tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Batir na mutuwa bayan 'yan shekaru. Ƙurar hunturu na rufe idon kamara da fuskar sola, sai an riƙa hawa ana gogewa. In ana son kallo ta waya, ga kuɗin data kowane wata. Ma'ajin hoton ma in ya cika, sabo yake ɗorawa kan tsoho, har mutum ya je neman hoton satar makon jiya ya tarar an shafe shi.

Gwamnatin Tarayya kanta ta faɗa wannan rami. A 2010 ta ƙulla kwangilar dala miliyan 470 da kamfanin ZTE na China, mafi yawan kuɗin bashi ne daga bankin Exim na ƙasar, don kafa tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kamarori a titunan Abuja da Legas. Ba a yi shekaru masu yawa ba mazauna Abuja suka riƙa wuce turakun da aka kwashe musu sola da batir, Majalisar Wakilai kuma ta koma binciken yadda aka yi. Magidancin da ya sa kamara takwas alhali huɗu yake iya ciyarwa, ƙaramin irin wannan ya yi a gidansa. Sai kuma abin da babu mai shagon da ke ambata: a Satumban 2021 an katse layukan waya a duk jihar Zamfara, aka biyo da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk na'urar da ta dogara da layi don ta yi wa mai gida ihu a waya ta yi shiru, a daidai wuraren da aka fi buƙatarta.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa ƙarara. Ƙauyen da 'yan bindiga ke shiga kan babura da dama, ba kamara ko kwaɗo ne matsalarsa ba. Wannan nauyi ne na hukuma, kuma zalunci ne a ce da wanda aka kora daga gonarsa bai yi riƙo da sababi ba.

Ƙararrawa ita ce ta fi tona asirin lamarin. A Amurka, inda aka gina wannan kasuwa, mai gida na biyan kuɗin wata-wata ga kamfani, ƙararrawa na kuka a cibiyarsu, su kira 'yan sanda. Can ma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan kira kan zama na banza, mage ce ko mantuwar mai gida. A Najeriya 'yan sanda ba su kai dubu 400 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma da yawansu suna bayan manya riƙe da jaka. Saboda haka kafin a tambayi farashin ƙararrawa, a fara tambaya: in ta yi kuka ƙarfe biyu na dare, wa zai fito? A mafi yawan unguwanni amsar ita ce maƙwabci, ko kuma babu kowa.

Kashi na uku, na wahami, kasuwarsa ta daɗe a ƙasar Hausa. Da can ana zuwa a yi wa gida kafi, a binne wani abu a bakin zaure ko a rataya laya a dokin ƙofa, malamai suna ta muhawara a kai. Yanzu an samu sabon salo: mutumin da ke zaro waya a sahun masallaci yana leƙa ƙofar gidansa, ya ƙara tubali uku kan katanga bana, baɗi ya ɗora waya mai reza, shekara mai zuwa ta lantarki, barcinsa kuma bai ƙaru ba. Tsoro ba ya ƙoshi. Ga kuma abin takaici, doguwar katanga mai walƙiya tana shelanta wa mai wucewa cewa akwai abin ɗauka a ciki, tana kuma ɓoye ɓarawon da ya riga ya dira daga idon maƙwabta. A nan ne tawakkali ke yin aikin da ake iya gani har a aljihu: shi ke ba mutum damar cewa na yi abin da ya dace da irin haɗarin unguwata da ƙarfina, saura na Allah ne, ya kashe waya ya kwanta.

Sai dai tsayawa ba ita kaɗai ce tambayar ba. Akwai wanda ke biyan kuɗin tsaron da ba da naira ake biya ba.

Malaman usulu, da suka jera abubuwa biyar da shari'a ta zo karewa, sun sa rai gaba da dukiya. Gidaje da yawa an gina su kamar akasin haka aka ce. Kowace taga an like ta da ƙarfe, ƙofar baya an sa mata kwaɗo biyu mukullin na aljihun maigida, ga tukunyar gas a kicin, ga jarkar fetur ta janareta a lungu. In gobara ta tashi cikin hunturu, ƙarfen da aka sa don ya hana ɓarawo shiga shi ke hana yara fita. Ƙarfen taga ɗaya mai buɗuwa daga ciki, da na'urar jin hayaƙi, da tukunyar kashe wuta, kuɗinsu bai kai na jerin kamarori ba, amma ba kasafai suke shiga lissafi ba. Wayar lantarki ma haka take. Ta gaskiya tana da na'urar da ke sakin wutar a gutsure-gutsure, ta firgita mutum ba ta kashe shi ba. Wanda ya ga tsadarta ya jona waya kai tsaye da wutar gida, tarkon kisa ya ɗana, kuma wanda ya fi yiwuwa ya faɗa shi ne yaron da ya hau ɗauko ƙwallo.

Sai maigadi, Buzu ne ko dattijon da ƙarfi ya fara ƙarewa, wanda ke kwana a rumfar kwano bakin ƙofa cikin sanyi da sauro. Akwai gidajen da aka kashe miliyoyi kan katanga amma albashinsa sai ya yi ta bi. Muwaɗɗa ta kawo hukuncin Umar bn Khaɗɗab kan bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya janye haddin, ya ci ubangidansu tarar ninki biyu, dirhami 800 a maimakon 400. Mutumin da ya san lokacin fitar kowa da inda ake ajiye kowane mukulli, biyansa da kyau a kan lokaci haƙƙi ne, kuma shi ne sashen tsaron da ya fi kowanne saurin lalacewa in an yi sakaci.

Maƙwabci kuma ta hanya biyu abin ke shafarsa. Masu bincike a Jami'ar Carolina ta Arewa da ke Charlotte sun tambayi fursunoni 422 da aka ɗaure kan fasa gidaje, kusan kashi 60 cikin 100 suka ce in sun ga ƙararrawa wani gidan suke nema. Masu sayar da kaya na son wannan adadi. Amma wane gida ne wani gidan? Na wanda bai iya saye ba. Gaskiya ne masana laifuka sun nuna ba kullum satar ke komawa gefe ba. Sau da dama tsaron wuri ɗaya kan amfani na kusa da shi. Bambancin na nan ga irin abin da aka saya. Waya mai reza gida ɗaya take karewa. Fitilar da aka juya ta haska layi, kowa take yi wa aiki, kuma sau da yawa ta fi araha.

Hanya ta biyu ita ce sutura. Littattafan Malikiyya sun kawo hukuncin Umar kan mutumin da ya gina bene ya buɗe taga ta wajen maƙwabcinsa: a ajiye gado bayan tagar, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabci a toshe ta. Ginin Bahaushe duka kan wannan ya tsayu, shi ya sa baƙo ke tsayawa a zaure, ƙofofi kuma ba sa kallon juna. Kamarar da aka kafa a saman bene tana hango tsakar gidan maƙwabci, inda mata ke girki da wanki ba mayafi, ta wuce tagar zamanin Umar, domin ita tana ajiye abin da ta gani. Kuma ba maigida kaɗai ke iya kallo ba. A 2016 wata manhajar ɓarna mai suna Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, da yawansu kamarori da na'urorin ajiye hoto, ta hanyar kalmomin sirrin kamfani da masu su ba su canza ba. A 2023 kamfanin Ring, mallakar Amazon, ya amince ya biya dala miliyan 5.8 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta zarge shi da barin ma'aikata suna kallon hotunan cikin gidajen mutane. Yaron da ya zo ya haɗa wa Alhaji kamara, in ba a canza kalmar sirri ba, yana iya ganin falon gidan daga shagonsa. Wanda kuma ya kafa ta cikin ɗakuna don ya riƙa leƙen iyalinsa, sai ya sake duba abin da Suratul Hujurati ta ce kan binciken asirin mutane.

Wuri ɗaya ne ba za a bi Gazali ba. Ya lissafa roƙon maƙwabta su sa ido bayan an kulle ƙofa cikin wuce gona da iri. Ga mai zuhudu wataƙila haka ne; ga unguwa kuwa, sa idon nan shi ne ginshiƙi. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Jama'a ne suka gina ta, su ke gyara ta bayan damina, ta kewaye har da gonaki da Dala da Gwauron Dutse, sarakunan ƙofa na rufe ƙofofinta da dare. Ba wai babu ɓarayi a cikin birni ba, kuma a Fabrairun 1903 igwar Turawa ta nuna iyakarta cikin yini guda. Amma katanga ɗaya ce ta rufe soron attajiri da bukkar talaka. Yau an tsinka ganuwar gida-gida, kowa na gina tasa da kuɗinsa, jimillar abin da layi guda ke kashewa kuwa zai ishi fitilun titi da 'yan sintiri na shekaru.

Unguwanni da yawa sun gano haka, suna karo-karo su ɗauki 'yan sintiri masu usur da tocila. Jihohi ma sun shigo: Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawanta a Janairun 2024. Wannan hanya na da nata haɗarin, domin an ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu a karkarar Zamfara har rikici ya ƙara ruruwa, kuma ihun "ɓarawo!" a cikin gari ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙofar layi da ake rufewa ƙarfe goma sha ɗaya tana da kyau har ranar da naƙuda ta kama wata, mai mukulli kuma ya tafi shan shayi.

Rigimar da ta fi yawa dai ta kuɗin wata ce. A kowane layi akwai bazawara mai marayu, ko ɗan fansho da ba a biya ba, ko ɗan haya da ke ganin ba shi da abin sata. 'Yan sintiri na wuce ƙofarsu kamar ta kowa. Wasu unguwanni kan yafe wa irin waɗannan gidaje, masu hali su cike giɓin ba tare da an ji ba. Wasu kuma kan rubuta sunayen waɗanda ba su biya ba su manna a ƙofar masallaci.